Manhaja ke cika fatura, ni ke sa hannu: in yi shiru ne?

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta fito, daga wata baiwar Allah da ta roƙi a sakaya sunanta. Haifaffiyar Makka ce, asalin iyayenta Kano, kuma ta shekara shida tana aiki a sashen inshora na wani asibitin kuɗi. Ga maganarta a taƙaice:

"Gwaggo, aikina shi ne in karanta abin da likita ya rubuta, in sa wa ciwon da aikin da aka yi lambobinsu, sannan in tura muɗalaba, wato takardar neman biya, ga kamfanin ta'amin, wato inshora, ta Nafis, dandalin da ke haɗa asibitoci da kamfanonin inshora a Saudiyya, don a biya asibiti. Da mu biyar ne a ofis. Bara aka kawo manhajar ƙirƙirarriyar basira, ita ke karanta fayil ta zaɓi lambobi, yanzu mun koma uku. Mudir, wato manajanmu, ya ce in daina buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, in zaɓi duka in danna amincewa. Kwanakin baya wani dattijo direba, maƙwabcinmu, ya zo da tari. Likita ya rubuta cewa mahaifiyarsa na da ciwon suga, sai manhaja ta sa masa lambar mai ciwon suga. Na gyara nasa don na san shi, amma tun ranar ba na barci, ina tunanin sauran da ban buɗe ba. Na yi wa mudir magana, ya ce muɗalabar da ake dawo mana da ita ta ragu, kuɗi na shigowa, kar in kawo cikas. Maigidana ya ce in kama bakina, igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a kan asibitin take, ga Umma da ƙannena biyu da nake riƙe. In yi shiru, in ajiye aikin, ko in kai ƙara? Kuma sana'ar nan tana da gobe kuwa?"

'Yata, Allah Ya yi miki albarka, Ya ƙara miki wannan zuciya da ta hana ki barci a kan haƙƙin mutanen da ko fuskarsu ba ki sani ba. Amsata a kan hanyoyi ukun da kika lissafa ita ce kar ki bi ko ɗaya a yanzu. Shirun zai cuce ki, ajiye aikin zai cuci gidanku bai kuma gyara wa majinyaci ko ɗaya fayil ba, ƙara kuwa lokacinta bai yi ba, don abin da ke hannunki yau labarin mutum ɗaya ne. Abin da nake so ki yi shi ne ki mayar da wannan damuwa taki ta zama lissafi a rubuce, irin wanda mudir ba zai iya kawar da kai daga gare shi ba. Kafin in zo ga yadda za ki yi, bari mu yi wa manhajar adalci, don idan kika shiga ofishinsa a matsayin maƙiyiyarta, kin faɗi tun kafin ki buɗe baki.

Mudirinki bai yi ƙarya ba. Ke kin fi ni sanin cewa yawancin muɗalabar da kamfanoni ke dawowa da ita, ƙananan abubuwa ne ke kayar da ita: katin majinyaci ya ƙare ba a lura ba, an manta lambar muwafaƙa (wato amincewar kamfani kafin a yi wa majinyaci aiki), an tura aiki ɗaya sau biyu, an sa wa namiji lambar da ta mata ce kawai, an nemi kuɗin gwajin da bai dace da ciwon da aka rubuta ba, ko wa'adin turawa ya wuce. A nan na'ura ta fi ɗan Adam nesa ba kusa ba. Ba ta gajiya a ƙarshen wata lokacin da fayiloli suka taru, idonta ba ya yaji bayan la'asar, azumi ba ya rage mata kuzari. Tun da aka shigo da Nafis, komai ya koma gurbi-gurbi da ake cikewa iri ɗaya tsakanin asibiti da kamfani, kuma aiki irin wannan shi ne abincin kwamfuta. Majinyaci ma yana amfana. Ƙa'idar Majalisar Inshorar Lafiya ta Saudiyya ta ce kamfani ya amsa neman muwafaƙa cikin minti 60, amma duk wadda ta taɓa zama a kujerar jira da yaro mai zazzaɓi a cinya ta san yadda minti 60 ke komawa yini guda idan an tura takarda da gurbi ɗaya a buɗe, aka dawo da ita, aka sake turawa. Manhajar da ta kama wannan gurbin kafin a tura ta yi wa uwar nan alheri. Ki riƙe wannan, ki faɗe shi a gaban mudir da bakinki, don gaskiya ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin karanta rubutun likita. Manhajar ba ta taɓa ganin mai tari ba. An ɗura mata ɗimbin rubuce-rubucen likitoci ne tare da lambobin da ma'aikata irinki suka sa musu, har ta koyi cewa in kalma kaza ta bayyana, galibi lamba kaza ce ke biyo baya. Duba fayil ɗin dattijon nan. Likita ya rubuta layi uku a gurguje: tari kwana huɗu, babu zazzaɓi, mahaifiya na da suga. Ke da kika karanta, kin san layi na uku lambarsa Z83.3, wato akwai ciwon a dangi. Ita kuwa ta ga kalmar suga, ta ɗauko E11.9, ta mayar da lafiyayyen mutum mai ciwon da ba a rabuwa da shi. Haka za ki same ta tana yi da wasu wuraren. Likita ya rubuta "a duba ko nimoniya ce", ta sa J18.9 kamar an tabbatar, alhali hoton ƙirji ya fito tsaf, mura ce kawai. Likita ya rubuta "babu ciwon ƙirji", ta tsallake "babu". Likita ya kwafo bayanin zuwan bara ya liƙa a na yau don sauri, ta lissafa allurar da aka yi bara a faturar yau, wato takardar kuɗin asibiti. Ƙara da cewa a asibitocin Jidda likita ɗaya Bamisire ne, na kusa da shi ɗan Sudan, na gaba ɗan Indiya ko Pakistan, kowa da irin gajerun kalmominsa, wani ma yana haɗa Larabci da Turanci a layi ɗaya. Sannan manhajoji da yawa a Amurka aka rene su, a kan lambobin ICD-10-CM da CPT, mu kuwa a nan da ICD-10-AM ake aiki, tsarin Ostireliya, tare da kundin SBS na ayyukan asibiti. Sun yi kama, amma dokokinsu sun sha bamban a wurare da dama. Ki tambayi kamfanin da ya sayar muku da ita a kan wane rubutu aka koyar da ita. Amsar za ta gaya miki abubuwa da yawa.

Wani zai ce ai mutane ma suna kuskure. Haka ne, amma kuskuren ma'aikaciya a warwatse yake, yau ta manta nan, gobe ta zame can. Kuskuren manhaja ɗabi'a ce. Idan ta ɗauki tarihin dangi a matsayin ciwon majinyaci sau ɗaya, to haka take yi wa duk wanda likita ya rubuta masa irin layin nan, tun ranar da aka kunna ta. Don haka rashin barcinki yana da dalili.

Ga abin da nake so ki fahimta sosai, don shi ne zai zama hujjarki. Raguwar muɗalabar da ake dawowa da ita ba ta nuna cewa lambobin daidai ne. Tana nuna cewa lambobin sun dace da junansu a idon kamfani, iyakarta ke nan. A ce likita ya nemi gwajin suga ga dattijon nan saboda tarihin mahaifiyarsa. Da lambar gaskiya, wataƙila kamfani ya yi tambaya. Da lambar ƙarya ta mai ciwon suga, gwajin zai wuce sumul ba wanda zai ɗaga gira. Manhajar da ake auna ƙwazonta da yawan abin da ya wuce za ta karkata ga lambar da ke wucewa, ko da ba wanda ya umarce ta da haka. Shi ya sa idan kin fara bincikenki, abin da za ki fi sa wa ido shi ne ɓangaren da kuskuren ya fi rinjaya. Idan rabi ya ƙara kuɗi rabi ya rage, rashin ƙwarewa ce. Idan kusan duka sama yake hawa, to akwai gyara babba, kuma kamfanin inshora ba zai kira shi da sunan kuskure ba ranar da ya gano.

Zai kuwa gano. Su ma kamfanonin suna da nasu manhajojin da ke tace muɗalaba, suna kwatanta asibiti da asibiti. Ranar da suka ga ƙaramin asibiti a unguwa ya fi maƙwabtansa yawan masu ciwon suga da nimoniya, za su nemi fayiloli, su cire kuɗin da suka biya daga abin da ake bin su, wani lokaci su fitar da asibitin daga jerin nasu. A ranar, tambayar farko ita ce wa ya amince da waɗannan lambobi. Kwamfuta tana ajiye sunan wanda ya shiga, da rana, da daƙiƙa. Za a ga sunanki a kan fayil ɗari cikin minti ɗaya. Kamfanin da ya sayar da manhajar zai buɗe yarjejeniyarsa ya nuna inda aka rubuta cewa shawara kawai take bayarwa, ma'aikaci ne ke tabbatarwa. Mudir kuwa umarninsa na baka ne. Wa ya rage a fili, 'yata?

An ga irin wannan a Amurka ta ɗaya ɓangaren. A watan Maris na 2023 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta ba da rahoton cewa likitocin kamfanin inshora na Cigna sun ƙi biyan muɗalaba sama da 300,000 cikin wata biyu a 2022 ta wani tsarin kwamfuta mai suna PXDX, kowace ɗaya ta ɗauke su daƙiƙa 1.2 a matsakaici. Kamfanin ya musanta yadda aka fassara lamarin, magana ta kai kotu. Abin da ya tayar wa jama'a da hankali shi ne sunan likita a ƙasan hukuncin da bai buɗe fayil ɗinsa ba. Daga Janairun 2025 jihar Kalifoniya ta fara aiki da dokar da ta ce likita ko ƙwararren ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai yanke hukuncin ko majinyaci na buƙatar magani, manhaja ba ta da wannan hurumin ita kaɗai. Abin da ake neman ki yi ɗan'uwan wancan ne, bambancin kawai su suna hana biya, ku kuna neman biya.

Kar kuma mu manta da wanda abin ya fi shafa. Lambar ciwo ba ta tsayawa a fatura. Tana zama a tarihin mutum a wurin kamfanin inshora. Ɗan ƙaramin kamfanin da direba irin maƙwabcinku ke wa aiki zai je sabunta ta'amin, a duba abin da ma'aikatansa suka ci a shekara, a ƙara masa kuɗi, kuma kin san igama ba ta sabuntuwa sai da ta'amin mai aiki. Idan an ƙara wani aiki a fatura, kason da majinyaci ke biya daga aljihunsa na iya ƙaruwa, ga harajin VAT na kashi 15 da wanda ba ɗan ƙasa ba ke biya a asibitin kuɗi. Mutanenmu na Shara Mansur da Hindawiyya da unguwannin kudancin Jidda, nawa ne cikinsu ke karanta fatura? Yawanci miƙa kati suke, su biya abin da aka ce, su yi godiya. Idonki ne kaɗai tsakaninsu da wannan lamba. Kafin ki gani, kuskure ne, Allah ba Ya kama bawa da abin da bai sani ba. Yanzu da kika gani, danna amincewa ido rufe ya zama wani abu daban, kuma kin san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ban kawo shi don in tsorata ki ba. Na kawo shi ne don ki san zuciyarki ba ta yi miki ƙarya ba.

To ga abin yi. Ki ɗauki mako biyu, kowace rana ki buɗe fayil ashirin ko talatin daga waɗanda manhaja ta gama. Kar ki zaɓi waɗanda kike zargi, ki ɗauki kowane na goma a jeri, don kar a ce kin tsinto masu laifi ne kawai. Ki buɗe jadawali a kwamfutar ofis: lambar fayil, abin da likita ya rubuta, lambar da manhaja ta sa, lambar da ta dace, da bambancin riyal. Ki rubuta har wuraren da ta rage wa asibiti kuɗi, kamar inda aka yi ɗinki ko aka sa ruwa ta manta ba ta lissafa ba. Za ki same su, kuma su ne za su buɗe kunnen mudir, don za su nuna masa cewa ribarsa kike karewa. Duk wanda kika samu da kuskure ki gyara shi nan take, wannan aikinki ne, ba kya buƙatar izinin kowa.

A nan zan ja kunnenki da ƙarfi. Kar ki ɗauki hoton fayil ko ɗaya da wayarki. Kar ki tura wa kanki ta WhatsApp, kar ki kai gida a filas, kar ki nuna wa maigida ko ƙawa don su ga hujja. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumbar 2023, wa'adin da aka ba ma'aikatu su daidaita ya cika a Satumbar 2024, hukumar SDAIA ke kula da ita, kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri. Wanda ya fallasa irinsu da nufin cutarwa ko neman amfanin kansa na iya fuskantar ɗaurin da zai kai shekara biyu, ko tarar da za ta kai riyal miliyan 3, ko duka biyun. Ko ba a kai nan ba, fitar da fayil daga asibiti ya ishi mudir hujjar sallamarki, sai mai gaskiya ta koma mai laifi. Haka nan idan akwai mai kwafe bayanin majinyaci a ofishinku yana liƙawa a ChatGPT don ya rubuta masa takardar ɗaukaka ƙara ga kamfani, ki hana shi cikin hikima. Kuma cikin tambayoyin da za ki yi wa masu manhajar, ki sa wannan: ina ake ajiye fayilolin da take karantawa, wa ke iya ganinsu? A Fabrairun 2024 masu kutse sun shiga kamfanin Change Healthcare da ke sarrafa muɗalabar asibitoci a Amurka, bayanan mutum kusan miliyan 190 suka shiga hannunsu, asibitoci da shagunan magani suka yi makonni suna fama kafin a biya su. Duk inda aka tara bayanan marasa lafiya wuri ɗaya, ɓarayi sun san hanyarsa.

Idan mako biyun ya cika, ki rubuta wa mudir imel ta adireshin aiki, gajere, babu zargi, babu wa'azi, kar kalmar zamba ko ha'inci ta fito a ciki. Wani abu kamar haka: na duba fayil kaza daga ranar kaza zuwa kaza, na sami kaza da lambar ba ta dace da rubutun likita ba, kaza sun ƙara kuɗi, kaza sun rage, ga jadawali, ina tsoron kamfanoni su cire mana kuɗi idan suka yi bincike, ga shawarata. Ki sa shugaban likitoci ko mai kula da inganci a kwafi, idan tsarin asibitinku ya ba da dama. Shawarar kuma ta zama wadda zai iya ɗauka ba tare da ya ji kunya ba. Ƙananan zuwa na yau da kullum da manhaja ta nuna ƙwarewa a kansu, a bar ta ta wuce da su, ana ɗibar samfuri kowane mako. Amma duk fayil da aka sa wa mutum sabon ciwo mai daɗewa, irin suga, hawan jini, asma ko ciwon ƙoda, da duk abin da ya shafi juna biyu, tiyata, kwanciya, ko kuɗi mai yawa, sai ido ya gani. A tura wa kamfanin manhajar jerin kurakuran su gyara, don kuɗi aka ba su. A gyara muɗalabar da ta riga ta tafi da kuskure kafin kamfanin inshora ya gano da kansa. Na ƙarshe, wanda ya fi shafarki: duk abin da zai wuce ba tare da mutum ya buɗe ba, ya wuce da sunan manhajar ko na asibiti, kar ya wuce da sunanki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma asibitin da ya sayi manhaja ya kamata ya tanadi mai tare abin da ke zuba.

Na fi zaton zai saurare ki, don mudirin asibitin kuɗi ba abin da yake tsoro kamar kamfani babba ya dakatar da shi. Idan ya ƙi, ki roƙe shi cikin ladabi ya rubuto miki umarnin amincewa da fayiloli ba tare da dubawa ba. Mutane da yawa a nan suke ja da baya. Idan ya rubuta, ko ya ƙi rubutawa ya kuma ci gaba da matsa miki, sai ki hau sama zuwa ga mai asibitin ko sashen bin doka. Sai an toshe duk waɗannan ƙofofi, kina kuma da tabbacin ana sane ake ci gaba, sannan maganar Majalisar Inshorar Lafiya ta taso, tana da hanyar karɓar ƙorafi. Kafin ki kai nan ki zauna da lauya mai sanin dokar ƙwadago, ko sau ɗaya ne.

Maigidanki ba matsoraci ba ne, kar ki ɗauke shi haka. Ya san abin da ake nufi da igama a hannun wani, ya ga gidajen da suka shiga wani hali don an ƙi sabunta wa mutum ɗaya kwantiragi. Ki zaunar da shi ki nuna masa cewa shirun da yake ganin mafaka ce, shi ne ya bar sunanki a kan kowace lamba. Sannan ku duba kwantiraginki tare a dandalin Qiwa na ma'aikatar ƙwadago, ku san ranar ƙarewarsa. Kwantiragin wanda ba ɗan ƙasa ba mai wa'adi ne, don haka ana iya ƙin sabunta shi ba tare da an ce kin yi laifi ba. Ba zan ɓoye miki wannan ba: gaskiyarki ba ta ba ki tabbacin kujerarki. Amma ki san haƙƙinki. Kuɗin sallama a sashe na 84 na dokar ƙwadago rabin albashin wata ne a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kowace shekara bayan nan, wato shekara shida ta ba ki albashin wata uku da rabi. Idan ke kika yi murabus tsakanin shekara biyar da goma, sashe na 85 ya ce kashi biyu cikin uku za ki samu. Idan aka kore ki ba bisa dalili ba kafin wa'adi, sashe na 77 ya tanadi diyya, kuma ana fara shigar da ƙorafi ne ta sulhun ma'aikatar ƙwadago kafin a je kotu. Ga dalili na biyu da ya sa na ce kar ki ajiye aiki cikin fushi. Tun gyaran da aka yi a Maris na 2021, ma'aikacin da ya cika shekara yana iya komawa wani wurin aiki bisa sharuɗɗa, don haka ki fara neman wani gurbin a hankali tun yanzu, ko da komai ya daidaita.

Tambayarki ta ƙarshe, ko sana'ar tana da gobe. Ɓangaren da ya ƙunshi kwafe lamba daga littafi zuwa gurbi yana ƙarewa, abokan aikinki biyu da aka sallama shaida ne, Allah Ya musanya musu da mafi alheri. Ga kuma matsin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa da ke kan duk mai igama. Amma aikin da za ki yi a mako biyun nan sana'a ce mai zaman kanta, binciken lambobi, kuma duk asibitin da ya sa manhaja zai buƙaci mai yin sa, haka ma kamfanonin inshora. Akwai mai bin muɗalabar da aka ƙi biya ya rubuta hujja har a biya. Akwai mai zama da likitoci ya koya musu rubuta bayanin da ba ya rikita mai karatu, mutum ne ko na'ura. Akwai tsarin AR-DRG na biyan kuɗin kwanciya a dunƙule da ƙasar nan ta ɗauko, inda lamba ɗaya ke iya sauya kuɗin jinya gaba ɗaya, kuma masu iya shi ba su yi yawa ba. Idan ba ki da shaidar ƙwarewa a ICD-10-AM da dokokinsa, ki nemi kwas ɗin da hukumomin lafiya na nan suka amince da shi, ki roƙi asibitin ya biya, tunda kin rage musu asara. Ki koyi Excel sosai, ki koyi yadda manhajar ke nuna matakin tabbacinta a kan kowace lamba. Ko gida Najeriya, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma masu irin iliminki za a neme su.

Ku kuma sauran masu karatu da ke zuwa asibiti da katin ta'amin, ku riƙa karɓar fatura, ku buɗe manhajar kamfaninku a waya ku ga abin da aka nema da sunanku. Wanda ba ya karatu ya ba ɗansa ko jikarsa su duba masa. Idan kun ga gwajin da ba a yi muku ba, ko ciwon da likita bai taɓa ambata muku ba, ku koma sashen inshora na asibitin da fatura a hannu, ku nemi a buɗe rubutun likita a gabanku a gyara, ku kuma karɓi shaidar gyaran a rubuce.